A Riƙa Gaya wa Baƙon Bakin Tafki Lokacin da Zai Fita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da yake ƙarami a ido, amma wanda na ga yana iya mayar da hutun iyali abin tunawa da daɗi ko kuwa abin da-na-sani. Maganata a kan ƙananan gidajen hutu ce, irin waɗanda ake ginawa a bakin tafki kusa da gaɓar teku ana ba da hayarsu na 'yan kwanaki, da kuma abubuwan da masu gidajen suke cewa baƙo zai iya yi a waje idan ya sauka.

Duk wanda ya taɓa duba tallar irin waɗannan gidaje ya san yadda take. Za a jera masa tuƙin kwale-kwale, da iyo, da kamun kifi, da hawan keke, da yawo a kan rairayi, da kallon tsuntsaye, sannan a haɗa masa da hoton tafki kwance lumui kamar an shimfiɗa madubi. Babu ƙarya a cikin jerin, domin duk abubuwan nan ana yin su. Abin da ake ɓoyewa, ko ake mantawa, shi ne kowannensu yana da sa'arsa, kuma hoton nan da sassafe aka ɗauke shi, kafin iska ta farka. A ganina, mai gidan da ya miƙa wa baƙo filafili da makullin rumfar jirage, bai gaya masa ƙarfe nawa iska take juyawa ba, rabin haƙƙinsa kawai ya ba shi, kuma rabin da ya riƙe shi ne wanda ya shafi rai.

Na faɗi haka ne domin ya faru da ni. Wata shekara na kai iyalina irin wannan gida, wanda yake zaune a kan siririyar ƙasar da ta raba tafki da teku. Ta gabansa tafki ne, ta bayansa tudun rairayi, bayan tudun kuma sai teku, wanda muke jin rurinsa dare da rana ba tare da muna ganinsa ba. A rana ta biyu, bayan azahar, na ɗauki ɗana mai shekara 10 muka shiga kwale-kwale. Ruwan da ke gaban gidan ko motsi ba ya yi, har muna hango ƙananan kifaye suna wulgawa a kan yashin da ke ƙasa. Tafiya ta yi mana daɗi ƙwarai, jirgin yana gudu kamar ana jan sa da igiya, ni kuma ina ta yaba ƙarfin damtsena a raina. Sai da na juya kan jirgin domin mu koma na gane cewa tun farko iska ce take tura mu ta baya. Yanzu ga ta tana dukan fuskarmu, tsakiyar tafkin ta tashi da ƙananan raƙuman ruwa masu farin kai, kowane bugun filafili idan ya kai mu gaba taku ɗaya sai iska ta mayar da mu biyu, ruwa yana fantsamowa cikin jirgin, yaron ya yi tsit yana riƙe da gefe da hannu bibbiyu. Daga ƙarshe na haƙura na bar iskar ta kai mu ɗaya gaɓar, muka ja jirgin kan ciyawa, muka zagayo da ƙafa, ba mu iso ba sai da almuru, muka tarar da mahaifiyarsa a tsaye a bakin ruwa ta rasa wanda za ta kira. Wani dattijo masunci da muka gamu da shi a hanya, da ya ji labarinmu, ya ce a wannan tafki ko ɗan yaye ya san ba a nisa da gaɓa idan rana ta take. Gaskiya ya faɗa, sai dai ɗan yayen a wurin aka haife shi, ni kuwa kwanana ɗaya.

Abin da ya same mu ba ya cikin irin tsautsayin da ba a iya hangowa. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafin rana fiye da ruwa, saboda haka idan hantsi ya ɗaga, iskar da ke kan tudu takan yi zafi ta tashi sama, sai mai sanyi daga kan teku ta kwararo ta maye gurbinta. Wannan iskar teku takan fara kafin tsakar rana ko jim kaɗan bayanta, ta yi ƙarfi wajen la'asar, ta kwanta da faɗuwar rana, da dare kuma lamarin ya juya, wata mai rauni ta riƙa fita daga tudu zuwa teku. A lokacin zafi, idan sama ta yi garau, kusan kullum haka take yi, har mazauna wurin suna iya sa agogo da ita. Inda yaudarar take shi ne gidan da ke tsakanin tafki da teku yana cikin kariyar tudun rairayi da bishiyoyi, waɗanda suke tare iskar daga ruwan da ke kusa da gaɓa, sai ya kwanta ya ruɗi mai kallo, alhali can tsakiya iskar ta sauko da dukkan ƙarfinta, kuma ta ba gida baya. Masu tuƙi suna da ƙa'ida a kan wannan: a fara tafiya ana fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, a bar ta ta turo mutum idan zai dawo a gajiye, kuma wanda bai gwanance ba ya bi gefen gaɓa, kada ya ratsa tsakiya. Wannan bai fi layi uku ba idan aka rubuta shi aka manna a ƙofar rumfar jirage.

Washegari da muka fita bayan asuba, sai na ga kamar wani tafkin aka kawo. Hazo yana kwance a kan ruwa bai fi tsayin gwiwa ba, babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga bakin filafili, wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a gefen ciyayi, har muka wuce shi da tazarar 'yan taku bai tashi ba. Muka yi awa biyu muka dawo ko gumi ban yi ba. Jirgin bai canza ba, matuƙin ma haka, sa'ar fita ce kawai ta bambanta, kuma da an gaya mini tun ranar da na sauka, da yaron bai kwana yana firgita ba.

Idan aka haura tudun rairayi aka gangara bakin teku, agogon da ake aiki da shi wani ne daban, wato cikowar teku da janyewarsa, waɗanda jan wata da na rana suke haddasawa. A yawancin gaɓoɓin duniya teku yakan ciko sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, ma'ana tsakanin cikowa da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yakan makara da kusan minti 50. Saboda haka baƙon da ya yi yawo a kan faffaɗan yashi ranar Litinin da ƙarfe 9 na safe, idan ya koma ranar Lahadi a daidai wannan lokaci yana iya tarar da wurin a ƙarƙashin ruwa. Ruwan kuma ba da gudu ɗaya yake tahowa ba. A awar farko bayan ya juyo kusan ba a lura da shi, amma a awa ta 3 da ta 4 kaɗai yakan hau rabin dukkan tsayin da zai hau, kuma a nan ne masu tsintar kaguwa da bawon katantanwa suke ɗago kai su ga ruwa ya zagayo ta bayansu ta cikin kwari ya datse hanya. A ranakun tsayuwar wata da na cikarsa, lokacin da rana da wata suke ja ta layi ɗaya, cikowar takan fi tsayi, janyewar kuma ta fi nisa. Girman abin ya danganta da wuri: a mashigin Fundy na Kanada bambancin yakan kai mita 16, a yawancin gaɓoɓin Bahar Rum kuwa bai kai rabin mita ba. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan cewa abin da baƙo ya sani game da tekun da ya taɓa zuwa ba lalle ya yi masa aiki a wannan ba. Jadawalin cikowa da janyewa kuwa ana lissafa shi tun kafin shekara ta shigo, ana samun sa a intanet, ba abin da zai hana a buga na makon a rataye kusa da ƙofa.

Janyewar teku ita ce sa'ar da ta fi kowacce daɗin yawo, musamman ga mai yara, domin yashin da ruwa ya bari yakan yi tauri ya yi daɗin takawa, ƙananan kududdufai kuma su fito a tsakanin duwatsu cike da halittun da yaro zai yi awa guda a tsugune yana kallo. Dabarar ita ce a fita ruwa yana kan ja da baya, kamar awa biyu kafin ya kai ƙarshe, a juyo da zarar ya tsaya. Wuri ɗaya ne nake so kowane mai gida ya nuna wa baƙonsa da yatsa ya ce kada ya kusance shi, wato mashigar da ta haɗa tafkin da teku, idan tafkin yana da ita. Lokacin da teku yake janyewa, ruwan da ya shiga tafki ta wannan ƙunƙuntar ƙofa zai fita, sai ya zama kogi mai gudu da yake iya ɗauke ƙaramin jirgi ko mai iyo ya kai shi cikin raƙuman ruwa, ko da kuwa da safe an ga yara suna ƙetare wurin ruwa iya idon sawu.

Batun iyo shi ne na fi jin tsoron yadda ake ambatonsa da kalma ɗaya, kamar tafki da teku ruwa ɗaya ne. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, wanda ya sa ya fi ruwan daɗi nauyi, ya fi kuma ɗaga jiki, don haka wanda ya saba da teku yakan ji tafki yana jan ƙafarsa ƙasa, ya gaji da wuri. Tafki mai zurfi kuma yakan yi ɗumi a sama a lokacin zafi alhali ƙasansa da sanyi ƙarara, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki kamar sau 25 fiye da yadda iska take yi. Wanda ya yi tsalle cikin ruwan da bai kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba, numfashinsa yakan ƙwace masa a minti na farko, ya shaƙi ruwa ba da son ransa ba, komai gwanintarsa. Maganin wannan shi ne a shiga a hankali, idan kuma faɗawa aka yi, a kwanta rigingine a bar jiki ya taso har numfashi ya daidaita. Teku shi kuma tarkonsa wata siririyar igiyar ruwa ce da take komawa ciki da gudu ta tsakanin raƙuman da suke fashewa a gaɓa. Abin takaicin shi ne wurin da take yakan fi ko'ina kama da wurin aminci, domin ruwansa ya fi duhu ya fi kwanciya, babu farin kumfa, sai uwa ta ce da 'ya'yanta su shiga ta nan. Idan ta yi ƙarfi tana fin gwanin iyo na gasar Olamfik sauri, kuma gajiyar kokawa da ita ce take halaka mutane, domin ita ba ta jan mutum ƙasa. Wanda ta ɗauka ya bar ta ta tafi da shi yana ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga bakinta, sannan ya nufo tudu.

Na san wasu za su ce na cika tsorata mutane, amma alƙaluman ba nawa ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Girman matsalar ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021, ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kanta. Gidan da ƙofarsa take buɗewa kai tsaye zuwa bakin ruwa abin sha'awa ne ga babba, ga ɗan shekara biyu kuwa taku ashirin ne tsakaninsa da halaka, kuma yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru abin yake faruwa cikin abin da bai kai minti biyu ba. An fi samun wannan a lokacin da manya suka fi yawa, kowa yana zaton wani yana kallo, ko a sa'ar sauka da ta tashi ana ta ɗawainiya da kaya. Shinge mai ƙofar da take rufe kanta tsakanin gida da ruwa aikin mai gida ne. Rigunan kariya daga nutsewa ma haka, kuma ina nufin masu girma daban-daban, domin na ga rumfar da aka rataye riguna shida duk na manya, rigar babba kuwa a jikin yaro ta kansa take zamewa da zarar ya shiga ruwa. Ana gwada ta ne a tudu: a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ja sama, idan ta haura kunnuwa ta yi masa yawa. Nasu iyaye kuma shi ne su ambaci sunan wanda yake gadin yara a kowace sa'a, ya ajiye waya, ya zauna inda hannunsa zai kai.

Akwai kuma abin da yake cikin ruwan kansa wanda ido ba ya tantancewa. Tafkin da ba ya gudu, idan zafi ya daɗe, yakan yi wata gansakuka mai kama da koren fenti da aka zubar, wadda wasu nau'o'inta suke da dafi, suna sa ƙaiƙayi da amai, suna kuma kashe karnukan da suka sha. Iska takan tara ta a gefe ɗaya, yau a nan gobe a can, don haka kallon jiya ba ya wadatarwa. A ƙasashe masu zafi kuwa tambayar da ta wajaba kafin a tsoma ƙafa ita ce ko akwai tsargiya a tafkin, tunda ƙwayar cutar daga jikin ƙananan katantanwar ruwan daɗi take fitowa ta shiga ta fata, kuma ruwan yana iya zama garau. Mai gidan da ya san amsar ya yi shiru domin kada baƙi su ragu ya ci amana.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a zauna a ɗaki ne. Tafkin da ke kusa da teku yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan rai, domin a nan ruwan daɗi da na gishiri suke haɗuwa, ƙananan kifaye suke girma, tsuntsaye masu ƙaura kuma suke yada zango. Irin waɗannan wurare suna cikin waɗanda yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971 take neman karewa. Tsuntsun da baƙo zai gani yana caccakar laka da dogon baki, ba ya ko ɗaukar ido, wataƙila ya fi duk wanda ke gidan yawon duniya. A watan Oktoba na 2022 masu bincike sun bi sawun wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai wata 5 da haihuwa, wanda ya tashi daga Alaska ta Amurka bai sauka ba sai a tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya, tafiyar kilomita 13,560 cikin kwana 11. Tsuntsu irin wannan da kitsen jikinsa yake tafiya, kuma duk lokacin da yaro ko kare ya kore shi ya tashi, guzurinsa ake ragewa. A nan ma lokaci ne sirrin. Idan teku ya janye, tsuntsayen suna can nesa a warwatse a kan laka, ba a ganin komai sai ɗigo-ɗigo, amma wanda ya zauna shiru kamar awa biyu kafin ruwa ya cika, ya ba rana baya, ruwan da kansa zai koro masa su har gabansa. Madubin hangen nesa ɗaya da ɗan littafin hotunan tsuntsayen yankin, idan aka ajiye su a kan taga, sun fi talabijin ɗin da ake cika ɗakin da shi amfani.

Tudun rairayin da na ambata shi ne katangar da ta hana teku cinye tafkin da gidan baki ɗaya, kuma ba abin da yake riƙe da shi sai saiwoyin wata ciyawa mai tauri da take jure binnewa amma ba ta jure takawa. Inda ƙafafu suka kashe ta, iska takan samu ƙofa ta fara kwashe yashin, ramin ya yi ta faɗi shekara bayan shekara. Wannan ne dalilin shimfiɗa hanyar katako a kan tudun, kuma ya kamata a gaya wa baƙo dalilin, domin mutum ya fi kiyaye dokar da ya san hikimarta. Haka nan a hana yara haƙa rami mai zurfi ko kogo a jikin tudun, saboda yashi yana ruftawa ba tare da gargaɗi ba, kuma nauyinsa ya wuce abin da hannu zai iya tonewa da sauri.

Kamun kifi da hawan keke ba su bukatar dogon bayani. Kifi ya fi cin ƙugiya da sanyin safiya da kuma gab da faɗuwar rana, a kusa da mashiga kuma lokacin da ruwa yake shigowa. A ƙasashe da yawa sai da lasisi ake jefa fatsa, wani lokaci na tafki daban na teku daban, ga watannin da ake hana kamu domin kifi ya hayayyafa, kuma baƙo ba zai san wannan ba sai jami'i ya tsaya a kansa. Wanda zai mayar da kifi ruwa ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi, kada kuma ya bar guntun zaren fatsa a gaɓa, domin shi ne yake naɗe ƙafafun tsuntsaye. Mai keke kuwa darasin kwale-kwale ne nasa: wanda ya bar gaɓa ya nufi cikin ƙasa da rana tsaka zai ji kamar yana tashi sama, sai ya juyo da la'asar zai san abin da ya ci bashi.

Hadari a bakin ruwa ya fi na cikin gari hatsari, tunda mutumin da ke cikin jirgi ko a kan buɗaɗɗen yashi shi ne abu mafi tsayi a wurin, balle idan yana riƙe da doguwar sandar fatsa. Ƙarar tsawa tana cin kusan daƙiƙa 3 kafin ta yi kilomita ɗaya, don haka ƙirga tsakanin walƙiya da ƙara yana nuna nisan hadarin, amma ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce duk wanda ya ji tsawa ya fita daga ruwa ya shiga gini, kada ya koma sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Rana ma tana da nata, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, domin yashi da ruwa suna mayar da haskenta fuska da ido, iskar teku kuma tana busar da gumi ta hana mutum jin yadda jikinsa yake rasa ruwa har sai kai ya fara sarawa.

Dare shi ne abin da ban taɓa ganin an sa a cikin talla ba, kuma ni a wurina ya fi sauran duka. Wanda ya kashe fitilun waje ya zauna a bakin ruwa, ya haƙura da duba waya na minti 20 zuwa 30 har idonsa ya saba da duhu, zai ga taurarin da hasken birni ya daɗe da ƙwace masa, kaza da 'ya'yanta a lokacin fitarsu, da inuwarsu tana rawa a cikin tafki. Makon da babu farin wata ya fi dacewa da wannan, wanda kuma yake son tafiya a kan yashi ba tare da tocila ba ya nemi daren sha huɗu. Sauro yakan yi yawa da magariba a kusa da ciyayin ruwa, sai a sa dogayen tufafi. Wanda ya hura wuta a inda aka yarda a hura, da ruwa zai kashe ta, domin garwashin da aka binne da yashi yakan kwana da zafinsa ya ƙona tafin ƙafar yaron da ya fito da sassafe ba takalmi.

Na taɓa yin wannan magana da wani mai irin waɗannan gidaje, sai ya ce da ni baƙo hutu ya zo yi, ba makaranta ba, kuma idan aka tare shi da gargaɗi tun daga ƙofa ba zai dawo ba, ban da haka ma ai baligi ne, shi ya kamata ya bincika. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin matambayi ba ya ɓata, kuma ni kaina na yi sakaci da ban tambaya ba. Amma mutum yana tambaya ne a kan abin da ya san akwai shi. Wanda bai taɓa jin cewa iska tana da sa'ar juyawa ba, ko cewa wurin da ya fi kwanciya a teku shi ne wurin gudu, ta ina zai fara tambayar? Da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan mai gida shi ne ɗan garin da baƙo yake da shi. Ban kuma yarda cewa sani yana korar baƙi ba. Wanda aka gaya masa ya fita da asuba ya ga hazo a kan ruwa, ya bi teku da hantsi yana janyewa, ya kwanta da rana, ya zauna wa tsuntsaye da yamma, shi ne zai koma yana ba da labari, wanda aka bari ya yi ta karo da iska kuwa zai ce wurin ba daɗi.

Bayan shekara biyu mun sauka a wani gidan, a bakin wani tafkin, wanda wata dattijuwa take kula da shi. Kafin ta ba mu makulli sai da ta zagaya da mu bakin ruwa, ta nuna mana wani busasshen itace ta ce daga nan zurfi yake farawa, ta nuna mashiga ta ce ko da wasa, ta sa kowane yaro ya gwada rigarsa ta ja kafaɗun da kanta. A bayan ƙofar ɗaki akwai takarda ɗaya da ta rubuta da hannu, ɗauke da lokutan cikowa da janyewar teku na wannan mako, da sa'ar da iska take tashi, da lambar masu ceto, da sunan da za a faɗa musu domin su gane wurin. Duk abin bai ci minti 15 ba. Roƙona ga wannan jarida shi ne, duk lokacin da za ku buga talla ko rahoto a kan irin waɗannan gidaje, wakilinku ya tambayi mai gidan ko yana da irin wannan takarda a bayan ƙofarsa, ya kuma gaya wa masu karatu amsar da aka ba shi.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani mai karatu